Saba ta yi nauyi: tambayoyi da amsoshi kan jinkirin kwamfutocin VM

Tambayoyin nan na tattaro su ne daga bakin masu kula da saba a nan Zariya, na makarantu da asibitoci masu zaman kansu da cibiyoyin koyar da kwamfuta, daga Samaru zuwa Sabon Gari da Tudun Wada. Galibinmu da tokumbo muke aiki, irin su Dell PowerEdge R720 da R730 ko HP ProLiant DL380, mu ɗora musu Proxmox ko VMware ESXi ko Hyper-V, manhajojin da ke raba saba ɗaya zuwa kwamfutocin kwaikwayo da yawa, wato VM. Koken kusan iri ɗaya ne: "Malam, komai ya yi nauyi, me zan saya?" Ni kuwa kullum cewa nake a auna tukuna, domin na sha ganin an zuba kuɗi a RAM alhali ciwon yana wani wuri dabam.

1. Da ake cewa "mai masauki" da "baƙo", me ake nufi?

Mai masauki shi ne ƙarfen da kake iya taɓawa, sabar da ke girke a ɗaki fankokinta na kuka. Baƙi su ne kwamfutocin VM da ke zaune a cikinta, kowane da nasa Windows ko Linux, kowane yana zaton shi kaɗai ne a gidan. Abu huɗu suke rabawa: furosesa, RAM, faifan ajiya da hanyar sadarwa.

Ka ɗauka gidan hayar ɗalibai ne a Samaru, ɗaki goma, famfo ɗaya. Kowa na da ɗakinsa da makullinsa, amma idan mutum ɗaya ya jera jarkoki da sassafe, sauran sai layi. Shi ya sa ba a gane ciwon daga cikin baƙo kawai. Sai ka fito tsakar gida, wato ka duba ma'aunin mai masauki, sannan za ka ga wanda ya tare famfon.

2. An kira ni an ce saba ta yi nauyi. Daga ina zan fara?

Kada ka fara da kashewa ka kunna. Sau da yawa hakan yakan kawo sauƙi na yini ɗaya, amma yana share duk shaidar da za ta nuna maka dalili. Fara da tambaya uku: baƙo ɗaya ne ya yi nauyi ko dukkansu? Tun yaushe? A wane lokaci na yini? Idan baƙo ɗaya ne, galibi matsalar tana cikinsa ko a saitinsa (duba tambaya ta 12 da ta 15). Idan duka ne a lokaci guda, to abin da suke tarayya a kai ne ya gaza, kuma faifai ne farkon abin zargi (tambaya ta 9).

Sannan ka tashi ka je ɗakin da kanka. Ka duba ko akwai faifan da ke nuna fitila ruwan ɗorawa maimakon kore, ka saurari fankoki, ka ji zafin ɗakin a jikinka. Ka buɗe shafin kula da ƙarfen, iDRAC a Dell ko iLO a HP, ka karanta abubuwan da ya rubuta a kwanakin nan. Minti biyar na wannan yakan hutar da mutum lalube na mako guda.

Idan ka fara gyara, ka canza abu ɗaya tak, ka sake aunawa, ka rubuta a littafi. Wanda ya canza abu biyar a tare, ko ya dace bai san wanne ne ya yi magani ba.

3. Da me zan auna?

Komai yana cikin sabar, ba sai ka sayi wata manhaja ba. A ESXi ka shiga ta SSH, wato layin umarni daga nesa, ka rubuta esxtop: harafin c na furosesa ne, m na RAM, d da u da v na faifai, n na sadarwa. A Proxmox shafin taƙaitawa na mai masauki yana nuna IO delay, wato jiran faifai, sannan akwai top da vmstat, da iostat idan ka saka kunshin sysstat. A Hyper-V ka kula da tarko ɗaya: Task Manager na mai masauki ba ya nuna ainihin aikin da baƙi ke ɗora wa furosesa. Sai ka buɗe Performance Monitor ka ƙara ma'aunin Hyper-V Hypervisor Logical Processor, % Total Run Time.

Ka ɗauki awo ranar da komai ke lafiya ka ajiye. Idan ba ka san yadda lafiyar take ba, lambar da ka gani ranar ciwo ba za ta gaya maka komai ba.

4. A cikin VM furosesa ba ta ko kai rabi ba, amma yana tafiyar hawainiya. Ina matsalar?

Baƙo ba ya iya ƙirga lokacin da ya ɓata a layi. Yana da aiki a hannu, ya shirya, amma duk ƙwayoyin furosesar mai masauki suna hidimar wasu, sai ya jira. A ESXi wannan jiran shi ne %RDY a cikin esxtop. Lambar da ake nunawa ta dukkan vCPU na baƙon ce a haɗe, wato ƙwayoyin furosesa na kwaikwayo da aka ba shi, don haka ka raba ta da yawansu. Abin da masu aikin suka saba bi shi ne: ƙasa da kashi 5 ga kowane vCPU ba damuwa, idan ya kai 10 kuwa masu amfani sun riga sun fara ƙorafi. Idan a jadawalin kai-tsaye na vCenter, manhajar kula da sabobin ESXi, kake kallo, a milisakan yake bayarwa cikin kowane daƙiƙa 20, wato milisakan 1,000 daidai yake da kashi 5.

A Proxmox, ka shiga baƙon Linux ka rubuta top, ka dubi st a ƙarshen layin furosesa. Lokacin da aka ƙwace masa ke nan aka ba wani. Kusa da shi akwai wa, wanda ke nuna jiran faifai. Idan wa ne ya yi sama, ka bar furosesa ka wuce tambaya ta 9.

5. To in ƙara masa vCPU ke nan?

A nan mutane da yawa ke gudun gara su faɗa gidan zago. Baƙon da aka ba vCPU 8 ya fi wahalar samun gurbi a kan mai 2, kamar yadda iyali mai mutum takwas ya fi wahalar samun mota ɗaya a tashar Kwangila a kan matafiyi shi kaɗai. ESXi yana ƙoƙarin kada wani vCPU ya tsere wa 'yan'uwansa da nisa, sai ya riƙa tsayar da waɗanda suka yi gaba. Wannan tsayarwar ita ce %CSTP, kuma idan tana wuce 3 a kai a kai alama ce an ba baƙon fiye da bukatarsa.

Sau da yawa maganin shi ne ragewa. Sabar fayil ko ta DNS ko ƙaramin shafin makaranta, vCPU 2 sun isa. Ka ƙara ne kawai idan ka ga a cikin baƙon duk ƙwayoyin da yake da su suna cika na dogon lokaci, kuma %RDY ko st nasa yana ƙasa. Na san da wuya ka shawo kan oga cewa ragewa gyara ce. Ka nuna masa awon kafin da na bayan.

6. vCPU nawa zan iya rabawa gaba ɗaya?

Ka ƙirga ƙwayoyin gaske. Saba mai furosesa biyu Xeon E5-2650 v2 tana da ƙwaya 8 sau 2, wato 16, duk da cewa allon zai nuna maka 32 saboda Hyper-Threading. Waɗancan 16 na ƙari ba cikakkun ƙwayoyi ba ne, suna dai taimakawa kaɗan. Ga baƙi masu aikin ofis na yau da kullum, rabon vCPU uku ko huɗu ga kowace ƙwaya yakan tafi lafiya. Ga rumbun bayanai mai aiki ba dare ba rana, ka matso kusa da ɗaya ga ɗaya.

Akwai kuma batun NUMA. A saba mai furosesa biyu, kowace na da nata kason RAM, kuma ɗauko abu daga kason maƙwabciya ya fi jinkiri. Idan zai yiwu kada baƙo ɗaya ya wuce ƙwayoyi da RAM na furosesa guda. Haka nan ka jera sandunan RAM daidai a ɓangarorin biyu. Tokumbo da yawa suna zuwa a cike gefe ɗaya, ɗayan kusan fayau.

7. Mai masauki na nuna RAM ta kai kashi 90. Ta ƙare ke nan?

Ba lallai ba. Linux yana amfani da RAM ɗin da ba kowa a kai wajen riƙe abin da aka karanta daga faifai, kuma yana sakinta da zarar an bukata. Ka rubuta free -h ka dubi available, ita ce gaskiyar abin da ya rage. Idan Proxmox ɗinka yana kan ZFS, wani tsarin ajiye fayil a faifai, akwai kuma ARC, rumbun wucin gadi na ZFS, wanda a tsofaffin sakawa yakan iya cin rabin RAM ɗin sabar. Daga Proxmox 8.1 sababbin sakawa suna tsayar da shi a kashi 10, kuma ba ya wuce giga 16. Wanda ya taso daga tsohuwar siga sai ya saita iyakar da kansa da zfs_arc_max.

Abin tsoro na gaske shi ne lokacin da mai masauki ya fara kwashe abin da ke RAM yana zubawa a faifai. A vmstat ka dubi ginshiƙan si da so, masu nuna wannan kwashe-kwashen. A esxtop ka dubi SWR/s da SWW/s. Idan waɗannan suna motsi kullum, RAM ta ƙare da gaske, kuma faifanka ma zai ɗauki nauyin da ba nasa ba.

8. Zan iya raba wa baƙi RAM fiye da wadda nake da ita?

Ana iya yi, amma ban cika ba da shawara ba. Furosesa tana haƙuri da cunkoso, RAM ba ta yi. Dabarar da manhajojin ke bi ita ce balan-balan: wani ɗan direba a cikin baƙo yana kumbura ya karɓe RAM ya mayar wa mai masauki. A esxtop girmansa yana ƙarƙashin MCTLSZ. A Proxmox ana fara wannan ja-in-ja ne idan mai masauki ya haura kashi 80, kuma a daidai nan KSM ke fara haɗe shafukan da suka yi kama da juna. Baƙon da aka matsa masa sai shi ma ya koma zubawa a nasa faifan.

Ka haɗa RAM ɗin dukkan baƙi, ka bar wa mai masauki wasu giga na kansa, ka ƙara na ARC idan akwai. Idan lissafin ya wuce abin da ke cikin ƙarfen, ka rage wa masu zaman banza ko ka kashe baƙin gwaji da aka manta da su. Rumbun bayanai kuwa ka tsayar masa da RAM ɗinsa, kada balan-balan ya taɓa shi.

9. Me ya sa kullum faifai kake fara zargi?

Saboda lissafin ba ya ƙarya. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yana iya aikin karatu ko rubutu a warwatse kusan 80 zuwa 100 ne a daƙiƙa, abin da ake kira IOPS. Mai juyi 15,000 yakan kai wajen 180 zuwa 200. Kwamfuta ɗaya tana iya lallaɓawa da wannan. Baƙi goma kuwa kowa na jan allurar faifan zuwa nasa wurin, sai duk aikin ya koma a warwatse.

Yanzu ka sa RAID a lissafi, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda. A RAID 5 kowane ƙaramin rubutu ɗaya yana cin aiki huɗu, a RAID 6 shida, a RAID 10 biyu. Faifai huɗu masu 80 kowane sun ba ka 320. Ka raba da huɗu, ka ga RAID 5 ɗinka rubutu 80 kacal yake iyawa a daƙiƙa, daidai da faifai guda. Waɗannan faifan huɗu a RAID 10 za su ba ka 160. SSD ɗaya ta SATA kuwa dubun-dubatai take yi. Mai sayarwa zai yi ta faɗa maka tera nawa ke ciki, amma girman rumbu dabam, faɗin ƙofarsa dabam.

Abin da za ka auna shi ne jinkiri. A esxtop, DAVG jinkirin faifan ne kansa, KAVG lokacin da aka ɓata a cikin ESXi, GAVG kuma jimillar da baƙo ke ji. DAVG da ke zama sama da milisakan 20 zuwa 25 ciwo ne, KAVG kuwa bai kamata ya wuce 2 ba. A Proxmox ka rubuta iostat -x 2 ka kalli r_await da w_await. A baƙon Windows, Resource Monitor yana nuna lokacin amsa na kowane fayil, kuma nan take za ka ga wanda ya tare famfon.

10. Jiya lafiya lau, yau adana komai ya zama aiki, kuma ban taɓa komai ba.

Ka duba batirin katin RAID. Katin yana da 'yar RAM ta kansa da yake karɓar rubutu a ciki nan take, ya ce wa baƙo an gama, sannan ya rubuta a faifai daga baya. Batir ko kafasita ne ke tsare wannan bayanin idan wuta ta ɗauke. Ranar da batirin ya mutu, katin zai daina wannan karɓar gaggawar don kare bayananka, ya koma jiran faifai a kowane rubutu. A allon katin za ka ga ya tashi daga Write Back ya koma Write Through. Karatu zai yi kamar lafiya, rubutu ne zai durƙushe.

Na taɓa zuwa wata makaranta a lokacin shigar da sakamakon jarrabawa. Malamai sun yi cirko-cirko a ofis, kowa ya danna adanawa sai ya zauna yana kallon allo yana juyi. Mai makarantar har ya riga ya nemo farashin RAM. Da muka buɗe shafin kula da ƙarfen, gargaɗin batir na nan tun makonni, ba wanda ya leƙa. Da aka ciro batirin ya kumbura kamar burodi. Zafin ɗakin ne ya dafa shi. Aka sa wani, kafin la'asar layi ya watse. Akwai saitin da ke tilasta wa katin ya ci gaba da Write Back ko babu batir. Kada ka taɓa shi a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, domin ranar da ta ɗauke a tsakiyar rubutu rumbun bayananka ne zai lalace.

Dalili na biyu shi ne faifai ɗaya ya faɗi, RAID yana aiki a gurgunce ko yana sake gina kansa. Na uku, faifan da ke kan hanyar mutuwa yana ta maimaita karatu. Ka rubuta smartctl -a ka dubi Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector. Idan suna hawa, ka tabbatar da kwafin ajiyarka yau ɗin nan, ka nemo madadi.

11. Na sa SSD irin ta laftof, amma IO delay bai sauka ba.

SSD ba iri ɗaya ba ce. Baƙi, musamman rumbun bayanai, suna yawan neman tabbacin cewa rubutu ya zauna daram kafin su ci gaba. SSD ta saba tana da kafasita da ke ba ta damar ƙarasa rubutu ko wuta ta yanke, don haka tana amsawa nan take. Ta laftof ba ta da shi, sai ta tsaya ta rubuta da gaske kowane karo. Masu araha kuma suna da ɗan gurbi mai sauri, da ya cika sai gudu ya zube. A kan ZFS abin ya fi fitowa fili, kuma tana saurin cinyewa. Tokumbon SSD ta saba mai sauran lafiya ta fi sabuwar ta laftof a wannan aikin.

Kada ka ɗora ZFS a kan RAID na kati, yana son ganin faifan kai-tsaye. Kada kuma ka bari rumbun ya haura kashi 80 a cike. Idan LVM-thin, wani tsarin rumbun da Proxmox ke amfani da shi, kake kai kuma ya cika maƙil, baƙi tsayawa za su yi cak.

12. Sinafshot yana rage gudu?

Sinafshot hoton halin da baƙo ke ciki ne a wani lokaci, wanda za ka iya komawa gare shi, kuma yana ragewa idan ya daɗe. A ESXi da Hyper-V, da zarar ka ɗauka, ainihin faifan baƙon yana daskarewa, sabon rubutu ya koma wani fayil na gefe. Ka ɗauki biyar, karatu sai ya riƙa bin sarƙa. VMware da kanta ta ce kada a bar shi ya wuce awa 72, kuma ko da yake sarƙar na iya kai 32, biyu ko uku ta ba da shawara. Aikinsa shi ne ka ɗauka kafin sabuntawa, idan komai ya tafi daidai ka goge. Ba kwafin ajiya ba ne, tunda yana kan faifan da ainihin yake. Idan ka tarar da tsoho na wata shida, ka goge shi da dare, ka tabbatar akwai sarari da wutar da za ta kai, kada ka katse haɗewar a tsakiya.

13. Da rana nauyi, da dare lafiya, fankoki kuma na ihu. Zafi ne?

Mai yiwuwa ƙwarai. Furosesa idan ta yi zafi da yawa tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Sabar R720 an yi ta ne don iskar da ba ta wuce digiri 35 ba, kuma abin da ake so a ɗakin saba shi ne 18 zuwa 27. A bazarar Zariya, daga Maris zuwa Mayu, waje ma yakan haura 35, balle ƙaramin ɗaki mai rufin kwano da aka kashe masa esi saboda injin ba ya ja. Ka dubi zafin iskar shiga a iDRAC ko iLO da ƙarfe biyu na rana, ka kwatanta da na asuba.

Kafin bazarar kuma hunturu ya riga ya yi nasa aikin. Duk wanda ya buɗe murfin saba a ƙarshen Fabrairu ya sani: ƙura ja-ja ta yi dam tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya furosesa kamar an cusa auduga, gaban faifan ma ya toshe. Ka kashe ta, ka cire wuta, ka fitar da ita waje, ka hure da bulowa kana danne fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima. Ka mayar da murfin roba mai jagorar iska yadda yake, ka rufe. Barin saba a buɗe "don ta sha iska" yana ƙara mata zafi ne, domin an tsara iskar ta bi daga gaba zuwa baya a cikin rufaffen akwati. Ka ɗaga ta daga ƙasa, kada kuma bayanta ya manne da bango. Idan ta shekara da yawa, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe, a goge a sa sabo.

14. Wuta da saitin BIOS suna da hannu a ciki?

Suna da shi. Yawancin sabobi suna zuwa da saitin tattalin wuta, wanda ke sauke gudun furosesa idan aiki ya lafa. A Dell ka duba System Profile, a HP ka duba Power Profile. ESXi da Windows Server su ma a kan Balanced suke zuwa. Mayar da su kan cikakken aiki yana rage jinkiri, amma yana ƙara cin wuta da zafi. Wanda ke kan inbata da sola sai ya auna ko batiransa za su ɗauka.

Ɓarnar da ta fi yawa kuwa daga mutuwar bazata take. Duk lokacin da saba ta mutu tsakanin ɗaukewar wuta da tashin injin, RAID yakan shiga binciken kansa, baƙi kuma su taso gaba ɗaya su yi wa faifai rubdugu. Ka gwada batirin UPS ɗinka da gaske, ka haɗa shi da sabar don ta kashe kanta cikin tsari, sannan ka sa tazarar minti ɗaya ko biyu tsakanin tashin baƙi, rumbun bayanai a gaba.

15. Baƙon Windows ne kaɗai ke nauyi, na Linux lafiya.

Direbobi ne galibi. Idan ka bar baƙo da faifan IDE ko SATA na kwaikwayo da katin sadarwa E1000, mai masauki yana wahalar kwaikwayon tsohon ƙarfe ne a kowane motsi. A Proxmox ka sa direbobin VirtIO, waɗanda Linux ke zuwa da su amma Windows sai an saka masa, ka mayar da faifai VirtIO SCSI. A ESXi ka sa VMware Tools ka yi amfani da VMXNET3. Ka saka direban kafin ka canza nau'in faifan, in ba haka ba Windows ba zai tashi ba. Ka duba nau'in furosesar baƙon ma: tsofaffin baƙin Proxmox suna kan kvm64, wanda ke ɓoye musu umarnin AES. Zaɓin host yana ba su komai, matuƙar ba za ka riƙa ƙaura da su zuwa saba mai wata irin furosesa ba.

16. Ta yaya zan san sadarwa ce ba saba ba?

Ka gwada da iperf3 tsakanin baƙon da wata kwamfuta a ofis. Layin gigabit mai lafiya yana ba da wajen megabit 940. Idan ka ga 94, layin ya faɗo zuwa 100. Gigabit na bukatar duk wayoyi takwas da ke cikin kebul, 100 kuwa huɗu sun ishe shi, don haka idan waya ɗaya ba ta matsu a kai ba, tana iya jawo wannan ba tare da layin ya yanke ba. Ka sake matse kan, ka guji kebul mai araha na alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe, kada tsawon ya wuce mita 100. Masu Hyper-V da katin Broadcom na gigabit ɗaya su gwada kashe VMQ, sananniyar matsala ce. Idan kuma shafi yana daɗewa kafin ya fara buɗewa sannan ya zo da gudu, ka duba DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshinsa.

17. Nauyin yana zuwa ne a wani lokaci takamaimai.

To akwai aikin da aka tsara a lokacin. Ɗaukar kwafin ajiya, binciken riga-kafin ƙwayar cuta da duk baƙi ke farawa a sa'a ɗaya, ko sabuntawar Windows, wadda Microsoft ke fitarwa ranar Talata ta biyu a wata, ta iso mana da yamma, sai a ji nauyinta ranar Laraba da safe. A Proxmox mai ZFS ana binciken rumbu duk Lahadi ta biyu a wata. Ka warwatsa lokutan, ka sa wa kwafin ajiya iyakar gudu. Ka tuna kuma, idan ana kashe sabar da dare saboda wuta, wasu ayyukan da aka tsara na ƙarfe biyun dare suna iya tashi da safe daidai lokacin da ma'aikata suka zauna.

18. Ni ɗalibi ne, a laftof nake gwaji da VirtualBox, kuma ina ganin ɗan koren kunkuru a ƙasan allo.

Kunkurun yana gaya maka cewa Hyper-V na Windows ya riga ya riƙe VT-x ko AMD-V, sashen furosesa mai taimaka wa VM, VirtualBox yana bi ta bayansa ne a hankali. WSL2, mai tafiyar da Linux a cikin Windows, da saitin tsaro na Memory Integrity duk suna kunna shi. Ka buɗe layin umarni a matsayin mai gudanarwa ka rubuta bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, ka kashe Memory Integrity, ka sake kunna laftof ɗin. WSL2 zai daina aiki har sai ka mayar, don haka ka zaɓi wanda ka fi bukata. Ka sa Guest Additions, kada ka ba baƙo fiye da rabin ƙwayoyinka da RAM ɗinka, kuma ka jona caja, domin a kan batir furosesa tana ja da baya.

19. Na bi duk wannan. Yaushe ne sayen kaya ya zama dole?

Idan awo ya nuna abu ɗaya a cike na tsawon kwanaki bayan ka rage vCPU, ka goge tsofaffin sinafshot, ka hure ƙura, ka tabbatar da batir. Jinkirin faifai ya ƙi sauka, ka sayi SSD ta saba guda biyu ka haɗa su madubi, ka fara ƙaura da rumbun bayanai. Idan si da so ne ke motsi, ka ƙara RAM irin wadda ke ciki, mai ECC, a jere daidai ɓangarorin biyu kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 6. Furosesa ce ta ƙarshe a layi, kuma idan da gaske ita ce ta cika, saba ta biyu ta fi amfani, tunda za ta ba ka wurin ƙaura ranar da ta farko ta kwanta.

Idan daga Legas ko Kano za a turo maka, ka ce mai sayarwa ya kunna ta ya ɗauko maka hoton shafin iDRAC ko iLO inda ake ganin lafiyar batirin RAID da na'urorin wuta biyun, da kuma Power_On_Hours na kowane faifai. Awa 43,800 shekara biyar ke nan cur yana juyi. Ka ga waɗannan hotunan kafin ka tura kuɗi, kuma ka sa ya haɗo maka da batirin RAID ɗaya na ajiya a cikin kwalin.